Hoki na kan ƙanƙara: dogon kwantiragi da sharaɗin hana musaya, amana ce ko ciniki?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Yayyena da malamaina, a taimaka a raba mu da wani musu. An tashi daga wasan Firimiya, mai gidan kallo bai kashe janareto ba tukuna, sai tashar ta juya kan hoki na kan ƙanƙara, gasar NHL ta Amurka da Kanada. Nan wani ya ce a wannan gasar ana iya sayar da ɗan wasa yana barci a gidansa, sai dai ya farka ya ji an mayar da shi wani gari. Wani ya ce ƙarya ne, ai akwai masu sharaɗi a kwantiraginsu cewa ba mai tura su ko'ina, har ya ce akwai wanda ya sa hannu a kan shekara 15 a ƙungiya ɗaya don tsabar ƙaunar da yake mata.

Mu dai abin da muka sani a ƙwallon ƙafa shi ne, ko ƙungiyoyi biyu sun daidaita a kan farashi, sai ɗan wasa ya amince da albashin da za a ba shi kafin ciniki ya faɗa. To yaya abin yake a hoki? Shi wannan sharaɗin me yake hanawa, wa ake ba, kuma ana iya zagaye shi? Sannan wanda ya ɗaure kansa shekara goma sha wani abu, amana ce ko akwai lauje cikin naɗi?

Malamin Lissafi, Ƙofar Soro:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, su biyun duk sun faɗi gaskiya, kowa da inda ya kama. Amma fara cire kalmar “sayarwa” daga ranka. A NHL ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa yadda ake yi a Turai. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe a zaɓen matasa da ake yi kowace shekara. A da ana haɗawa da tsabar kuɗi, kamar lokacin da Edmonton ta miƙa Wayne Gretzky ga Los Angeles a 1988 aka haɗa da dala miliyan 15, amma tun 2005 an rufe wannan ƙofar. Kwantiragin kuma bin ɗan wasan yake yi yadda yake, albashi ɗaya, shekarun da suka rage ɗaya. Tunda ba sabuwar yarjejeniya za a ƙulla ba, babu dalilin neman sa hannunsa. Shi ya sa mai cewa ana yin cinikin mutum yana barci bai yi ƙarya ba.

Tushen komai shi ne rufin albashi. Rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗaya, ko wasa ɗaya ba a buga ba. Da aka dawo sai aka ƙayyade jimillar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a kaka. Rufin farko dala miliyan 39 ne. Ya daskare a miliyan 81.5 kaka uku a jere saboda korona, ya kai miliyan 88 a 2024-25, sannan miliyan 95.5 a 2025-26. Mutum ɗaya kuma ba zai ci fiye da kashi 20 cikin 100 na rufin ba.

Ga inda lauje yake. Ba abin da aka biya ɗan wasa a wannan shekarar ake lissafa wa ƙungiya ba. Jimillar kuɗin kwantiragi ake rabawa da yawan shekaru, abin da ya fito shi ne kasonsa a rufi kowace kaka. Duk wanda ya iya rabawa ya ga ramin da ke nan: ƙara shekaru, kason ya ragu. Sai manajoji suka fara tara kuɗin a shekarun farko, su lanƙaya wasu shekaru a ƙarshe masu ɗan albashi kaɗan, waɗanda kowa ya san ɗan wasan ba zai buga su ba.

New Jersey Devils ce ta ja igiyar har ta tsinke. A 2010 ta ba Ilya Kovalchuk shekara 17 a kan miliyan 102. Raba ka gani, miliyan 6 ke nan a kaka. Amma miliyan 95 daga ciki a shekara goma na farko za a biya, shekara biyar na ƙarshe kuwa dala dubu 550 kowace, kuma zai kai shekara 44 kafin takardar ta ƙare. Hukumar gasar ta ƙi amincewa, mai sasanci ya goya mata baya, aka ci ƙungiyar tarar miliyan 3 da guraben zaɓe, ko da yake daga baya an sassauta. Aka sake rubutawa shekara 15 a kan miliyan 100. Bayan kaka uku kacal, a 2013, Kovalchuk ya ce ya yi ritaya daga NHL, ya bar miliyan 77 da shekara 12 a takarda, ya koma Rasha ya ci gaba da wasa a SKA ta St. Petersburg. To ka ga tsawon shekaru ba shi ne ma'aunin ƙauna ba.

Bayan wani rikicin da ya rage kakar 2012-13 zuwa wasa 48 aka toshe ramin. Aka ce shekara 8 ne iyaka idan ƙungiyarka ce ta sabunta maka, 7 idan sabuwa ce. Aka ce shekarar da ta fi ƙarancin albashi kada ta gaza rabin wadda ta fi yawa, daga baya ma an ƙara matsewa. Tsofaffin kwantiragin ma ba su tsira ba: in ɗan wasa ya yi ritaya kafin lokaci, ana dawo wa ƙungiya da rangwamen da ta ci. Roberto Luongo ya sa hannu a kan shekara 12 da miliyan 64 a Vancouver, aka mayar da shi Florida a 2014, ya ajiye wasa a 2019, amma Vancouver ce ta ɗauki kusan miliyan 3 a rufinta kaka uku a kan golan da ya bar ta tun shekara biyar baya.

Masu bin Chelsea za su gane dabarar. Shekara takwas da rabi da aka ba Enzo Fernández a 2023 ai raba kuɗin saye ne a kan shekaru masu yawa a littafin lissafi, har UEFA ta ce ba za a raba fiye da shekara biyar ba.

Hajiyar Tashar Kusugu, Daura:

Malam ya shimfiɗa tabarma, bari in zauna a kan maganar sharaɗin, don ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa.

Akwai cikakken sharaɗin hana musaya: ba za a yi cinikinka da kowa ba sai ka amince a rubuce. Akwai mai jerin sunaye: ka ba da sunayen ƙungiyoyi, a ce 10 ko 15 cikin 32, da ba ka so, ko kuma waɗanda kaɗai ka yarda da su. Sai kuma babban cikinsu, sharaɗin hana motsawa, wanda ya hana musaya, ya hana a baje ka a faifan saki (inda kowace ƙungiya za ta iya ɗaukar ka), ya hana a sauke ka zuwa ƙaramar gasa ta AHL. Riƙe wannan bambancin, ɗana, don shi ne gaba ɗayan labarin.

Ba kowa ake ba ba. Sharaɗin ba ya aiki sai a shekarun da ɗan wasa ya cancanci zama mai 'yancin kansa, wato ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai a gasar. Yaro ɗan 23 zai iya sa hannu a kan shekara 8 a rubuta masa sharaɗin, amma sai ya kai wancan matakin zai farka. Kafin ranar, takardar ba ta kare shi daga komai. Abin da ya sami P.K. Subban ke nan. Ya sa hannu da Montreal a 2014, shekara 8, miliyan 72, sharaɗin hana motsawa zai fara aiki ranar 1 ga Yulin 2016. A 2015 ya yi alƙawarin tara dala miliyan 10 ga asibitin yara na birnin. Ranar 29 ga Yunin 2016, saura kwana biyu, aka yi musayarsa da Shea Weber na Nashville. A dokar wancan lokaci, in an yi cinikinka kafin sharaɗin ya fara, sabuwar ƙungiya tana da zaɓin ta ɗauka ko ta watsar. Nashville ba ta ɗauka ba, a 2019 ta sake tura shi New Jersey. Sai a 2020 aka gyara, aka ce sharaɗi ya riƙa bin ɗan wasa duk inda ya je.

Shi jerin sunayen kuma aikin wakili ne mai buƙatar ido. Kwantiragi kan faɗi ranar miƙa shi, galibi 1 ga Yuli. Wakili mai wayo ba garuruwan da ɗan wasansa ya tsana kawai yake rubutawa ba. Zai zauna ya duba su wa ke da sarari a rufinsu, su wa ke neman mai buga irin gurbin yaronsa, sai ya cika jerin da su. Sauran da ya bari a buɗe daman ba su da wurin ɗaukarsa. Jeri na 15 sai ya zama kamar cikakken hani. Haraji ma yana shiga: jihohin Florida, Texas, Nevada da Tennessee ba su karɓar harajin albashi, a Toronto kuwa mai babban albashi abin da ake yanka a saman kuɗinsa ya haura rabi. Ga sanyi, ga 'yan jarida da ba su barin mutum ya sha ruwa. Shi ya sa ƙungiyoyin Kanada ke yawan faɗawa cikin jerin.

In aka makara kuwa, an shiga uku. Rahotanni sun nuna jerin Patrik Berglund bai isa a kan lokaci ba a 2018, St. Louis ta tura shi Buffalo, kafin shekarar ta ƙare ya bar ƙungiyar aka soke kwantiraginsa da miliyoyin da suka rage. Wani lokacin kuma ofis ne ke yin sakaci. Ottawa ta miƙa Evgenii Dadonov ga Vegas a 2021 ba tare da bayanin jerinsa na ƙungiya 10 ya isa yadda ya kamata ba. A Maris 2022 Vegas ta yi cinikinsa da Anaheim, ashe Anaheim na cikin jerin. Hukumar ta soke cinikin, Dadonov ya koma ɗakin sauya kaya na mutanen da suka riga suka sallame shi, a 2023 kuma aka yanke wa Ottawa hukuncin rasa gurbin zaɓe na zagayen farko.

Yanzu zagayewa. Faifan saki shi ne ƙungiya ta sanar da cewa ga ɗan wasa nan, duk mai so ya ɗauka da kwantiraginsa cikin awa 24, kuma ta ƙasan tebur ce ke da fifiko. Wannan ba musaya ba ce a idon doka, don haka sharaɗin hana musaya bai taɓa shi ba. A Yunin 2024 New York Rangers ta baje Barclay Goodrow, San Jose da ta ƙare a ƙarshen tebur ta ɗauke shi, alhali rahotanni sun ce tana cikin jerin da ya ƙi. A Disambar shekarar aka zo kan kyaftin ɗin Rangers, Jacob Trouba, wanda cikakken sharaɗinsa ya riga ya sauka zuwa jeri na 15. Aka ba shi zaɓi: ko ya yarda da musaya, ko a baje shi ya faɗa hannun duk wanda ya riga. Gaba kura, baya sayaki. Ya yarda ya tafi Anaheim, kuma shi da bakinsa ya kira abin barazana. Da sharaɗin hana motsawa ne a hannunsa a ranar, da ba su isa ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah shi ƙara sani. To idan mutum yana da babban sharaɗin, ƙafa ta mutu, ya ƙi tafiya, shi ke nan ƙungiya ta zuba masa ido har shekarun su ƙare? Ba a iya zama da shi a rage albashin kamar yadda muke ji a wasu kulob na Turai?

Akawu na Layin Zana:

A'a ƙanena, ba a rage ko sisi. Kwantiragin NHL ba a sake tattauna shi, ko ɗan wasan da kansa ne ya roƙa. Kuma kuɗin tabbatacce ne, rauni ko lalacewar wasa ba su soke shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙofa ɗaya ce sharaɗin hana motsawa bai rufe ba: fansar kwantiragi. Ana buɗe ta a tsakiyar Yuni bayan an ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a rufe ranar 30 ga wata. Ƙungiya za ta biya kashi biyu cikin uku na albashin da ya rage idan ɗan wasa ya kai 26, kashi ɗaya cikin uku idan bai kai ba, a raba biyan a kan ninkin shekarun da suka rage. Shi kuma ya zama mai 'yanci, ya je duk inda ya so ya karɓi wani albashin a kai.

Ɗauki alƙalami. A ce ɗan shekara 31, saura masa shekara 3, miliyan 6 kowace. Jimilla 18, biyu cikin uku 12, a raba a kan shekara 6, miliyan 2 ke nan a shekara. Ƙungiya ta sami sararin miliyan 4 a kaka uku na farko, amma ta ɗauki mataccen kaya na miliyan 2 a wasu kaka uku da a da ba ta da shi. Wannan mai sauƙin ke nan.

Matsalar tana ga kwantiragin da aka tara kuɗinsa a gaba, domin ana auna rangwamen ne da ainihin albashin shekarar, ba da kason rufi ba. Minnesota Wild ta ba Zach Parise da Ryan Suter shekara 13 da miliyan 98 kowannensu a rana ɗaya, 4 ga Yulin 2012. Kason kowane a rufi kimanin miliyan 7.54. A 2021 ta fanshi su biyun, saura shekara huɗu. Albashin da ya rage wa kowane miliyan 6 ne, sai 2, sai 1, sai 1, jimilla 10. Biyu cikin uku 6.67, a kan shekara 8, kimanin dubu 833 a shekara. Kuɗin da zai fita daga aljihu kaɗan ne. Amma dubi shekarar da albashinsa miliyan 1 ne: abin da aka tsira da shi dubu 167 kacal, sai a cire shi daga 7.54, a bar wa ƙungiya 7.37. Ninka biyu. Haka Minnesota ta yi kakar 2023-24 da 2024-25 da kusan miliyan 14.7 a rufinta a kan mutum biyu da ba su sanye da rigarta. Albashin tauraro guda ke nan da ɗoriya.

Shi wanda abokinka ya ambata mai shekara 15, ina jin Rick DiPietro ne, golan New York Islanders. A 2006 aka ba shi miliyan 67.5, wato 4.5 a kaka. Raunin ƙugu da gwiwa suka cinye shi. A 2013 aka fanshe shi, saura shekara 8: 36, biyu cikin uku 24, a kan shekara 16. Miliyan ɗaya da rabi duk shekara har 2029. Sa'ar da suka yi, a wancan lokacin an ba kowace ƙungiya damar fansa biyu da ba za a lissafa a rufi ba. Ɗaure gola shekara 15 cinikin biri a sama ne, don ba wanda ya san yadda gwiwa za ta kasance nan da kaka uku.

Wakilai sun koyi darasi, sai suka koma neman a zuba yawancin kuɗin a matsayin kuɗin sa hannu da ake biya dunƙule, galibi 1 ga Yuli. Fansa ba ta rage wannan, ana biyan sa cif kuma yana nan a rufi. Kwantiragin da kusan dukkansa kuɗin sa hannu ne, fansarsa ba ta da wani amfani. A ganina wannan ya fi kowane sharaɗi ƙarfi, sai dai ba a cika maganarsa a gidan kallo ba.

Saura hanya ta lallashi. Ƙungiya na iya riƙe har rabin albashi don wata ta yarda ta ɗauka, amma kwantiragi uku kawai za ta iya riƙewa a lokaci guda. Kuma idan mai sharaɗin ya ce wuri ɗaya kaɗai zai je, farashi ya faɗi warwas. Patrick Kane ya ce sai Rangers a 2023. Chicago, wadda ya ci wa Kofin Stanley uku, ba ta ma sami tabbataccen gurbin zagayen farko a kansa ba, don mai saye ya san ba shi da abokin tayi.

Baba Alhaji, Rafindadi:

Yara, kun yi lissafi har kun gaji da mu, amma ba ku amsa tambayar yaron ta ƙarshe ba. Ni ban yarda a ce babu amana kwata-kwata ba. Akwai ta, sai dai ba a cikin sharaɗin ake neman ta ba. Sharaɗi saye ake yi. Manaja da rufi ya matse shi, ba shi da ƙarin dubu 500 da zai ɗora, sai ya ce to ga hana musaya. Ɗan wasa ya karɓi ragi don 'ya'yansa su gama makaranta a gari ɗaya. Wanda ya biya kuɗin abu, in ya yi amfani da shi ba cin amana ya yi ba, in ya ƙi yafewa kuma ba son kai ba ne.

In kana son ganin amana, dubi abin da mutum ya bari a tebur yana da ikon ɗauka. Sidney Crosby ya sa hannu da Pittsburgh a 2012, shekara 12, miliyan 104.4, wato 8.7 a kaka, daidai da lambar rigarsa 87. Rufi ya yi ta hawa, a 2024 ya sabunta shekara biyu a kan 8.7 ɗin nan dai. Connor McDavid, wanda doka ta ba shi damar neman sama da miliyan 19, a Oktoban 2025 ya tsaya a 12.5 ɗin da yake karɓa. Amma lura, shekara biyu kawai ya ba Edmonton. Hannunka mai sanda ne: ga sarari na bar muku, ku gina ƙungiya ko in duba gaba. Alexander Ovechkin kuma ya ɗaure kansa shekara 13 a Washington a 2008 a kan miliyan 124, ya kawo musu kofi a 2018, a rigar nan ya karya tarihin ƙwallo 894 na Gretzky a Afrilun 2025. Wannan ne dogon kwantiragin da ya biya kowa, kuma irinsa a yatsa ake ƙirgawa.

Ɗaya ɓangaren fa? Steven Stamkos ya yi kaka 16 a Tampa Bay, ya ɗaga kofi biyu yana kyaftin, a 2016 ya karɓi 8.5 a kaka lokacin da kasuwa za ta ba shi fiye da haka. Da kwantiragin ya ƙare a 2024 yana da shekara 34, ba a ba shi abin da zai zauna ba, ya tafi Nashville. Marc-André Fleury ya yafe sharaɗinsa a 2017 don Pittsburgh ta sami damar kare ƙaramin golanta a zaɓen da sabuwar ƙungiyar Vegas ta yi na ɗaukar 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi, sai Vegas ta ɗauke shi. A 2021 ya lashe kyautar gola mafi kyau, wata ɗaya bayan nan Vegas ta miƙa shi Chicago kusan kyauta don ta sami sarari, wakilinsa ya ce a Twitter suka ji.

Magoya baya su ne ba su da alƙibla. A 2008 Toronto ta roƙi Mats Sundin ya yafe sharaɗinsa a sayar da shi ga masu neman kofi. Ya ƙi, ya ce bai yarda da zama ɗan haya na wata biyu ba. Aka zage shi cewa ya hana ƙungiya samun matasa. Mutumin da ya ce ba zai bar gida ba, shi aka kira mara kishi. A 2025 Mitch Marner na Toronto ya ƙi yarda a kai shi Carolina, kaka na ƙarewa ya tafi Vegas, aka sake wannan waƙar. Wanda zan yarda a ɗora wa laifi shi ne Dany Heatley. Shi ya nemi Ottawa ta sallame shi a 2009, aka daidaita da Edmonton, sai ya ɗaga sharaɗinsa ya ce ba can ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ottawa ta biya shi kuɗin sa hannu miliyan 4 a Yuli, sannan ta tura shi San Jose a Satumba.

Malamin Lissafi, Ƙofar Soro:

Ranka shi daɗe, na karɓi gyaran, sai dai a kan Stamkos zan ɗan ja. Manajan da ya biya ɗan shekara 34 don ladan abin da ya wuce, shi ne zai zo yana lissafin fansar da Akawu ya nuna mana. Rufi bai bar wa kowa wurin kara ba.

Ƙanena, ƙarin abu ɗaya kafin ka koma wa abokan musunka. Shekarar nan guda da ke tsakanin 8 da 7 da gangan aka sa ta, don ƙungiyar da ta raini ɗan wasa ta fi kowa abin tayi. Amma ita ma an sami hanyar zagaye ta: tsohuwar ƙungiya ta sa masa hannu a kan takwas, nan take ta yi musayarsa. Haka Calgary ta yi da Matthew Tkachuk zuwa Florida a 2022, haka Toronto ta yi da Marner, shekara 8 a kan miliyan 96. Sabuwar yarjejeniyar da aka amince da ita a 2025 ta sake rage wa'adin daga Satumbar 2026: shekara 7 ga mai sabuntawa, 6 ga mai zuwa sabon wuri. Kirill Kaprizov ya riga ƙofar rufewa, ya sa hannu da Minnesota a ƙarshen Satumbar 2025 a kan shekara 8 da miliyan 136, wato 17 a kaka. Ita ce dai Minnesota ɗin da har yanzu take biyan Parise da Suter dubu 833 kowannensu, sai 2029.